Sujada a Cikin Makiyayan Teksas

Jika ce ta kai mu Amurka. 'Yarmu ta biyu, wadda ke aikin jinya a Arlington ta jihar Teksas, ta sauka a watan Satumban 2024, aka ce uwargida ta je zaman jego. Ni kuwa ɗan rakiya ne kawai, don tun da na yi ritaya daga aikin malamin dabbobi ba ni da wani abin da ke riƙe ni a Wusasa sai ƙungiyar mawaƙan coci da 'yan kajina. Kuɗin neman biza dala 185 ne kowane mutum, lokacin kuma dala ta haura naira 1,600, sai mai karatu ya buga lissafin da kansa. Tikitin jirgi surukina ne ya biya, ban kuma tambayi nawa ba don kada barci ya ƙaurace mini.

Daga Zariya muka shiga mota zuwa Kaduna, muka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Idu, kashegari muka tashi daga Abuja zuwa Doha. Daga Doha zuwa Dallas awa goma sha biyar da ɗoriya ne a kujera ɗaya, ba abin faɗi a ciki sai kumburin ƙafa.

A filin jirgin Dallas ne na fara cin karo da aikina na dā. Jami'in da ya karɓi fasfo ɗina ya tambaye ni ko na shiga gona ko na kusanci dabbobi kafin in taso. Uwargida ta ɗan taka mini ƙafa. Na ce masa sati ɗaya da ya wuce ina cikin ruga. Nan take aka nuna mana wani layi daban. Aka karɓi takalmina aka wanke ƙasansa da burushi da ruwan magani, ina tsaye da safa. Ban ji haushi ba ko kaɗan, domin na san abin da suke gudu: ciwon boru, mai kama baki da kofato, wanda rabon Amurka da shi tun 1929, mu kuwa duk shekara sai ya zaga garkunanmu. Da ni ne a kan kujerar, da abin da zan yi ke nan. Abin da ya yi mini ciwo kilishi ne. Wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gefen jakar uwargida kamar ya ga tsohuwar abokiya, aka buɗe, aka kwashe ƙunshi uku da ta ɓoye cikin zannuwa ba tare da na sani ba. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji suka tsira.

Sati biyu na yi a Arlington ina kallon titi ta taga. Gidaje reras, ciyawa a aske, amma ba yaro a waje, ba mai talla, ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce ina gajiya. Surukina ya lura na fara ƙirga motoci. Wata rana da dare ya ce, “Baba, akwai wata abokiyar aikina, mahaifinta yana da shanu wajen Stephenville. Na gaya mata shekara talatin da ɗaya kuka yi kuna aiki da shanu, ta gaya masa, ya ce lallai mu kawo ku. Amma fa ya ce sai kun kwana, ku je coci tare da shi.”

Na ce wane irin coci?

Ya ce, “Cocin 'yan kaboyi.”

Na yi dariya har jaririya ta motsa. Kaboyin da na sani shi ne na silimar Sabon Gari muna samari: malafa, doki, bindiga biyu a ƙugu, ya shiga mashaya ya fito da gawa uku. Ban taɓa kawo masa Littafi Mai Tsarki a rai ba.

Ran Asabar muka fita da sassafe, muka fara tsayawa a tsohuwar kasuwar shanu ta Fort Worth. Yanzu ba kasuwa ba ce kamar dā, wurin 'yan yawon buɗe ido ne, amma an bar tsofaffin shingayen katako da titin jan bulo. Sau biyu a rana, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe da ƙarfe huɗu na yamma, ake koro shanu su ratsa titin, mahaya na biye da su. Muka samu na safen. Jama'a sun yi dafifi, kowa ya ɗaga waya, sai ga shanun sun taho a hankali, ba su kai ashirin ba. Na ce wa surukina, wannan ai a hanyar Giwa kyauta ake gani, har ma direba ya yi ta zagi. Amma ƙahonsu ya sa na yi shiru. Na saba da ƙahon Rahaji mai tashi sama, waɗannan nasu kwance yake, ya miƙe gefe da gefe har sai sa ya karkata kai kafin ya shiga ƙofa.

Ta wannan garin ne aka riƙa bi da garkuna bayan yaƙin basasar Amurka, tun daga 1867, a kan babban burtalin da suke kira Chisholm, zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas. Tafiyar wata biyu zuwa uku ce, mutum goma ko sha biyu da shanu dubu biyu ko uku. Silima ba ta gaya mana cewa sana'ar daga makiyayan Meziko aka koye ta ba, ba ta kuma nuna mana cewa da yawa daga cikin masu korar shanun baƙaƙen fata ne da suka fito daga bauta. A gaban babban zauren wasan da aka gina a 1908 akwai mutum-mutumin wani kaboyi baƙar fata, Bill Pickett, ya rungumo ƙahon sa yana murɗe shi ƙasa. Na tsaya na daɗe ina kallo. Wannan ai hawan ƙaho ne, irin na 'ya'yan mahauta, sai dai shi daga kan doki yake dirowa.

Muka ci naman ƙirjin sa da aka gasa da hayaƙi tun daren jiya, da wake da burodi, kusan dala 25 kowane faranti. Naman ya yi laushi har cokali na yanka shi, amma miyar da suke zuba masa zaƙi gare ta. Na zaro ƙullin yajina daga aljihu, surukina ya kau da kai kamar bai san ni ba.

Daga Fort Worth muka kama hanya mai lamba 377, muka ratsa Granbury, tafiyar kamar kilomita 110. Ba shingen bincike ko ɗaya, ba wanda ya leƙo ya ce mene ne a but. Motar 'yan sanda ɗaya muka gani ta lafe a gindin bishiya, kowa ya rage gudu da kansa. Abin da ya tsone mini ido waya ce. Tun daga bakin kwalta, hagu da dama, waya mai ƙaya ce layi biyar, ba ta yanke ba sai a ƙofar gida. Kowane taku na dajin nan yana da mai shi. Itatuwansu gajeru masu ƙaya kamar bagaruwa, ciyawa ta bushe kamar tamu a watan Nuwamba, ga ingirici an naɗe shi dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule ya fi tsayin yaro. Na yi ta neman inda garke zai bi ya wuce, babu. A ƙofar gandun da muka je ma ba ƙyaure, rami ne aka jera bututun ƙarfe a kansa, mota ta wuce, saniya ta ji tsoron takawa.

Mai gidan ya haura saba'in, dogo, fatar wuyansa ta ƙone da rana ta yi jawur. Da muka gaisa sai na ji tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Bai ɓata lokaci ba, ya ce mu shiga tsohuwar a-kori-kurarsa. Muna shiga daji ya danna jiniya, sai ga shanu suna ɓullowa daga cikin ƙaya da gudu, don sun san wannan kukan na abinci ne. Shi da wani ɗan Meziko ɗaya ke kula da su duka. Cikinsu akwai masu tozo da leɓe, jinin shanun Indiya da suke kira Brahman, ka ce Bokolo ne aka kawo daga Sakkwato. Na hango wata karsana tana ɗingishi, na ce a tsaya. Muka kai ta matsa, na ɗaga ƙafar, na nuna masa ruɓewa a tsakanin kofato. Ya dube ni, ya dubi surukina, daga nan ya daina yi mini magana a hankali kamar mai magana da kurma. Ya koma kirana Dokta, na ce masa ni ba dokta ba ne, ya ce shi ma ba kaboyin silima ba ne.

Na tambaye shi zancen waya. Ya ce kakan kakansa ya ga lokacin da babu ita. An ƙirƙiro ta a 1874, masu kuɗi suka fara zagaye makiyaya da mashaya, har da wadda ba tasu ba. Da fari ya zo a 1883, masu ƙananan garkuna suka rasa hanyar ruwa, suka riƙa fita da dare suna datse waya, aka yi ta harbe-harbe, har sai da majalisar jihar ta zauna a 1884 ta mai da yanke waya babban laifi, ta kuma hana mutum ya killace filin da ba nasa ba. Ya ce, “Ku fa, yaya kuke yi?” Na ce masa muna cikin 1883 ɗinmu. Bai yi dariya ba.

Masaukina wani ɗaki ne a jikin rumbun ciyawa, gado ɗaya, sirdi uku a rataye, warin fata da man inji. Bayan cin abinci muka zauna a baranda, ya ɗauko jita. Muryarsa ba ta da wani daɗi, ta tsufa, tana rawa. Ya yi wata tsohuwar waƙa mai tafiyar hawainiya, surukina na fassara mini inda Turancinsa ya fi ƙarfina. Makiyayi ne kwance a daji da dare yana kallon taurari, yana tunanin ko irinsa zai shiga Sama. Waƙar ta ce akwai ranar da za a tattaro garke duka wuri ɗaya, mahayan shari'a su shiga suna warewa, kuma sun san lambar da ke jikin kowace dabba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da aka haɗa garkuna, kowane mai shanu na neman nasa da tsagar kunne ko tabon lalas, ba ya bukatar fasto ya yi masa bayanin wannan waƙa. Dattijon ya ce tana cikin waɗanda wani malami, John Lomax, ya bi makiyaya ya tattara ya buga a 1910. Ya ce masu gadin dare ne ke yin irinta, suna zaga garke a kan doki, don saniya ta san mutum na kusa, kada wani ƙaramin motsi ya firgita su su watse. Shi ya sa ba ta da gaggawa, takun doki mai tafiya ne ma'auninta. Da ya kai ƙarshe sai ya karya murya, daga ƙasa ta haye can sama ta dawo, ba kalma a ciki. Tsikar jikina ta tashi. Na sha jin yaran Fulani suna irin wannan kiran da yamma idan shanu sun yi nisa.

Da dare wasu namun daji masu kama da dila suka yi ta kuka a bayan rumbun. Na yi barci kamar a ruga.

Cocin ba shi da hasumiya, ba shi da gilashi mai launi. Rumfar kwano ce babba irin ta ajiye taki, daɓen siminti, kujerun ninkewa, a gefenta kuma filin wasan dawaki mai yashi da shingen ƙarfe. Motocin da ke waje kusan duk a-kori-kura ne, wasu na jan tirelar dawaki. A bakin ƙofa aka miƙo mini kofi baƙi ƙirin a kofin takarda. Na sa kaftanina da hula, na zaci za a yi ta kallona, kuma an kalla ɗin, don in ka cire mu biyu da wasu iyalai 'yan Meziko, duk fararen fata ne. Wata tsohuwa ta taɓa aikin wuyan rigata ta ce da hannu aka yi? Wani mutum a layin gabanmu kuwa ƙaramar bindiga ce a ƙugunsa, a fili. Dokar jihar ta yarda. Ni da na fito daga inda ake laluba mutum da na'ura a ƙofar coci, idona ya ƙi barin wannan ƙugun har aka fara waƙa.

Mawaƙan su biyar ne, ba riguna iri ɗaya, ba mai ba da hannu. Jita biyu, babbar jita mai kaurin murya, wata mata da gogen Turawa, sai wani mai furfura da ya kwantar da tasa jitar a kan teburi yana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyar. Wannan ta ƙarshen kuka take yi, ba kiɗa ba. Ita ce ta fi shiga raina. Ba littafin waƙoƙi a hannun kowa. Sun yi waƙa huɗu. Biyu na san muryarsu sarai, muna yin su da Hausa a Wusasa, sai dai sun ɗaura musu takun doki, na bi su da Hausata ƙasa-ƙasa. Ɗaya sabuwa ce da matar mai gogen ta tsara da kanta, kan neman maraƙin da ya ɓata a daren sanyi, mai shi ya bar sauran ya fita da tocila. Ba ta ambaci Luka sura 15 ba, ba ta kuma bukaci ta ambata ba. Ta huɗun dattijon ya raɗa mini cewa ta Stuart Hamblen ce, ɗan Teksas, mawaƙin kaboyi na rediyo wanda giya da tseren dawaki suka sha kansa, ya tuba a taron Billy Graham na Los Angeles a 1949. Na ce masa wannan mai wa'azin ya zo Kaduna a 1960, mahaifina ya je, ya kuma ba mu labarin har muka gaji da ji. Ya riƙe hannuna ya girgiza kamar mun gano dangantaka.

A gaskiya, a kan ƙungiyar zumuntar matanmu, waɗannan mutane ba su iya motsi ba. Ba tulu, ba kacau-kacau, ba guɗa. Mai jin daɗi ƙwarai shi ne ke buga dunduniyar takalmi a ƙasa. Maza na zaune da malafa a ka, sai an ce a yi addu'a ka ga duk sun cire lokaci ɗaya sun ɗora a ƙirji.

Faston da wandon jins ya hau, kaimi na ƙara a takalminsa. Ya karanta Zabura 23. Minti ashirin da biyar ya yi, na duba agogo. Ya ce Dauda ba a ofis ya rubuta wannan ba, mutum ne da ya san warin garke. Ya yi maganar gobarar dajin da ta tashi a arewacin jihar a watan Fabrairun shekarar, mafi girma a tarihin Teksas, ta cinye sama da hekta 400,000 da dubban shanu, da yadda mutanensu suka yi ayarin motoci suka kai wa waɗanda abin ya shafa ingirici da waya. Ya ce makiyayi ba ya tambayar saniya dalilin da ya sa ta faɗa rami, igiya yake ɗaukowa.

A nan hankalina ya bar Teksas. Shekara nawa ina tsayawa cikin mawaƙa ina rera “Ubangiji makiyayina ne”, in fito a buɗe rediyo in ji kalmar nan tana nufin wani abu dabam. Na je jana'izar 'yan'uwa a kudancin Kaduna da Filato, na san abin da ya sa wasu ba sa son jin ta. Na kuma kwana a rugage da yawa, an shimfiɗa mini tabarma, an dama mini fura, na ga dattijo na kuka a kan saniyar da ta mutu yana kiran sunanta. A cocinmu idan an karanta cewa tumaki sun san muryar makiyayinsu, sai an yi bayani. A rumfar nan ba a yi ba, kai kawai suka riƙa gyaɗawa. Mutanen da na sani da za su fi kowa gane wannan wa'azin a ƙasarmu, ba a coci suke ba, mafi yawansu.

Ba a zaga da kwanon baiko ba. Tsohon takalmi ne mai dogon wuya aka ajiye a bakin ƙofa, mai niyya ya jefa. Dattijon ya ce da gangan ne. Irin waɗannan coci-coci sun yaɗu ne bayan wanda aka buɗe a gundumar Ellis, kusa da Waxahachie, a shekarar 2000, da goyon bayan Baftis na Teksas, don mutanen da ke cewa ba su da kayan zuwa coci, ko kuma kuɗinsu kawai ake so. Yanzu sun kai ɗaruruwa. Ya ce shi kansa shekara talatin bai taka coci ba sai jana'iza, har matarsa ta rasu.

Bayan sujada aka fita filin yashi. An cika komin shayar da dawaki da ruwa, na ƙarfe, mai tsawon mutum. Aka yi wa mutum uku baftisma a ciki, har da wani saurayi mai hawan bijimi a wasan rodiyo, inda ake son mutum ya yi daƙiƙa takwas a bayan sa kafin ya kayar da shi. Hannunsa ɗaya a ɗaure yake, ya ɗaga shi sama kada ya jiƙe, fasto ya dulmiya sauran. Ya fito wandonsa na zuba, wani doki a bayan shinge ya miƙo wuya yana neman shan ruwan. Daga nan aka shiga jifar maruƙa da igiya, mahaya biyu-biyu, ɗaya ya zarge ƙaho, ɗaya ƙafafun baya.

Ba duka na saya ba. Da yawa daga masu malafar nan hannunsu ya fi nawa laushi, malafar ma ba ta taɓa ganin ƙura ba. Na tambayi wani shanunsa nawa, ya ce inshora yake sayarwa. Tutar Amurka tana tsaye dab da gicciye, wata waƙar ma ban iya raba inda yabon Allah ya ƙare na ƙasa ya fara ba. Kuma waƙoƙin duk na daji ne marar iyaka, alhali kowa a cikinsu bayan waya yake zaune. Na gaya wa dattijon haka muna cin wake da nama a gindin rumfa. Ya tauna ya haɗiye, ya ce, “Dokta, da dajin na nan, wa zai yi masa waƙa?”

Da za mu tafi ya ba ni faifan mawaƙan cocin, na ba shi sauran yajina. Surukina ya juye mini waƙoƙin a waya. Sauran zamanmu a Arlington goyon jika ne da kallon titi, a watan Disamba muka dawo, hunturu ya tare mu a Rigasa.

Sati biyu da dawowa na je gaishe da Arɗo, wanda na yi wa shanunsa allura tun yana da baƙin gemu. Bayan gaisuwa da ban gajiya na nuna masa hoton shanun nan masu kwantaccen ƙaho, ya ce ƙarya ce, haɗawa aka yi. Na kunna masa muryar dattijon da na ɗauka a baranda. Ya kara wayar a kunne, ya saurara har inda muryar ta karye ta hau sama. Ya ce in mayar. Na mayar.

“Likita, wannan shanu yake kira?”

Na ce Allah yake kira.

Ya ɗan yi shiru. Sai ya tambaye ni nawa suke sayar da bijimi a can, da kuma ko da rani suna tafiya kudu. Na ce ba sa tafiya ko'ina, waya ta zagaye su. Ya girgiza kai, ya ƙwala wa ƙaramin ɗansa kira, ya ce ya kawo wayarsa a tura masa.